Hannun Kolo da Lamba Biyu

Waɗanda suka san Kolo a ƙarshen rayuwarsa sun san shi da miƙa hannun hagu in zai gaisa da mutum, yana cewa, "Ka yi haƙuri, na damar ya riga ni kwanciya." Na damar yana cikin aljihun riga, yatsu biyu suka rage masa, su ma a lanƙwashe. Direbobin yanzu, waɗanda ba su san komai ba sai danna oda da zagin masu jakai, na sha jin suna cewa wai injin niƙa ne ya cinye hannun. Wannan magana tana ƙona mini rai. Ina wurin aka yi abin, kuma har yau akwai tabo a goshina.

Sunana Inusa. Shekara shida na yi ina aikin majo a motar asibiti, wato ni ne mai jinyar da ke zama a baya tare da marar lafiya, Kolo yana gaba yana tuƙi. Ya girme ni da shekara goma, don haka Ya Kolo nake ce masa, yadda Barebari ke kiran yayansu. Shi kuma bai taɓa kiran sunana ba, Majo kawai.

Babarbare ne haifaffen Birnin Damagaram, ubansa fatauci yake yi da kanwa. Kolo bai gaji raƙumi ba, don Faransawa sun ɗauke shi soja lokacin yaƙin duniya, suka sa shi cikin motocin kaya masu zuwa Cadi. Abu uku ya dawo da su: tuƙi, shan shayi mai ɗaci, da zagin Faransanci kala bakwai da bai san ma'anar rabinsu ba. Gajere ne kakkaura, da zanen Barebari a kumatu, magana kuwa sai ka roƙa. Matarsa Fatsuma ta taɓa ce mini, "Inusa, ni a gidan nan sannu kawai nake samu. Hirar duka ta mato ce."

Gaskiyarta. A shekarar 1951 aka ba shi motar, tsohuwar motar soja ce da aka shafe da farin fenti, aka sa mata gadon ɗaukar marar lafiya a baya. Gwaggo ya sa mata suna, wai don ta tsufa kuma ba ta ɗaukar raini. Direba uku suka gudu suka bar ta kafin shi, duk saboda bites ɗinta, abin nan da masu zuwa Kano ke ce wa giya. Ba irin na yanzu ba ne da ko da ɗan yatsa sai ka tura. In za ka canza lamba a Gwaggo, sai ka taka ambarayaj, wato kuloci, da ƙafar hagu, ka fitar da sandar bites ɗin zuwa tsakiya, ka saki, ka ɗan ba ta wuta, ka sake takawa, sannan ka shigar. In ka yi sauri ko ka yi jinkiri, ta kurma maka ihu kamar ana yanka akuya da dakusasshiyar wuƙa. Ga kuma wani halinta: cikin yashi mai zurfi lamba biyu ba ta zama. Sai ka danne sandar da hannun dama, in ka saki ta yi tsalle ta koma tsakiya, motar ta nutse ta tsaya.

Mota ɗaya ce tal, aikinta biyu. Tana ɗauko masu rai daga ƙauyuka, tana kuma mayar da wanda ya rasu a asibiti in garinsu da nisa. Na biyun nan mutanen ƙauye sun ƙi shi da fari. Suka ce gawar musulmi a kafaɗa ake ɗaukarta, a kan makara, ba a jefa ta cikin ƙarfe kamar buhun gyaɗa ba. Har jifa mun sha a hanyar Mirriya. Kolo bai yi musu da kowa ba, sai ya yi wa kansa doka. In gawa ce a baya, lamba biyu zai sa tun daga ƙofar asibiti har ƙofar gidan mamacin, a hankali, yadda mutum mai sauri zai iya bi da ƙafa, kuma ba zai bari ƙarfe ya yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Na ce masa, "Ya Kolo, rana za ta faɗi mana a hanya. Shi fa ba ya jin komai."

Ya ce, "Yana ji, Majo. Bakin faɗa ne ba shi da shi."

In kuwa mai rai ne, to Gwaggo ta shiga uku. Dukanta yake yi ba tausayi, lamba uku, lamba huɗu, tana ihu yana zaginta da Faransanci, ni ina baya ina gwara kai da rufi ina tsine musu su biyun.

Ba a yi shekara biyu ba ƙauyukan Damagaram suka iya karatun motar da kunne. In suka ji ihu da gudu, sai a ce, "Da ransa, Allah ya ba shi lafiya," a kori awaki daga hanya. In suka ji wannan gurnani mai nauyi yana tahowa a hankali, mata su ajiye taɓarya, maza su miƙe tsaye, wasu su bi bayan motar su yi ɗan taku don neman lada, kamar yadda ake bin makara. Ba wanda ya taɓa tambayar Kolo me ya ɗauko. Babu buƙata, bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Ranar da nake son ba da labari wata Talata ce a 1957, bayan an gama yankan gero. Da hantsi ɗan aike ya iso a kan raƙumi daga bayan Gouna. Akwai ƙauyuka biyu can, Garin Alkasum da Tsamiyar Yusufu, rijiya ɗaya suke sha a tsakaninsu. Da safiyar nan aka yi faɗa a kan wanda zai fara shayar da dabbobi. Wani ya yanke igiyar gugan wani, aka zagi uwa, sai Ɗan Azumi, manomi daga Tsamiyar Yusufu, ya ɗaga gatari ya sauke a kan Sallau na Garin Alkasum. Ko shurawa Sallau bai yi ba. Ƙanen Sallau, Gambo, ya soke Ɗan Azumi da mashi a gindin cinya, mutanensa suka ja shi gida yana zubar da jini. Jandarmomi suka ce mu yi gaba, suna biye a kan dawakai.

Hanyar ɗaya ce, kuma ta cikin Garin Alkasum ta bi. Muka same su sun dawo daga binne Sallau, ƙasar kabari ba ta bar ƙafafunsu ba, kowa da gora ko gatari. Suka buɗe mana hanya don sun san ba kowa a ciki. Wani dogon saurayi mai jajayen idanu ya bi gefen motar yana cewa, "Baba Kolo, ku ɗauko shi. Muna nan."

Kolo ya ce mini, "Gambo ke nan. Bara na kawo gawar ubansu, a nan gefena ya zauna."

A Tsamiyar Yusufu muka tarar da Ɗan Azumi kwance a zaure, uwarsa Kande ta cusa ɗankwalinta cikin raunin tana dannawa. Sun riga sun zare mashin, babban kuskuren da za su yi ke nan, jinin yana bulbulowa yana tsayawa, yana bulbulowa. Wurin ya yi sama da yawa, babu inda zan ɗaure. Dabara ɗaya ce: in dunƙule hannu in danne jijiyar da dukan nauyina har asibiti.

Ba ina wanke Ɗan Azumi ba ne. Ya kashe mutum a kan igiyar guga, kuma da ya rayu da alƙali ya gamu da shi. Amma ni ba alƙali ba ne, aikina kada jinin nan ya ƙare a hannuna. Na ce wa Kolo, "In ka kai shi teburin lokotoro, likitan asibiti, cikin awa ɗaya da rabi, yana iya tashi. In ka wuce haka, kabari za mu kai."

Kolo ya tsaya yana kallon hanyar. A bakin Garin Alkasum akwai wani kwari, busasshen rafi ne mai yashi har gwiwa, ba a ƙetare shi sai da lamba biyu. Ko an zo da gudun iska, a nan dole a rage. Kuma mun ga kututturen giginya ajiye a gefen hanya lokacin da muka wuce, ba don ado suka ajiye shi ba.

Ya ce wa Kande, "Iya, kina da farin ƙyalle?"

Ta kawo. Ya lulluɓe Ɗan Azumi da shi tun daga kai har ƙafa, ya ce mata, "Ki shiga ki zauna wajen kansa. Ki toshe masa baki, ko me zai faru kada ya yi nishi. Ke kuma ki yi ta salati da ƙarfi."

Ya tayar da mota, ya sa lamba ɗaya, ya sa lamba biyu, ya tsaya a nan. Na jira in ji ta uku, ban ji ba. Na buga masa ta 'yar tagar da ke tsakaninmu, na ce, "Ka taka mana! Me kake jira?"

"Daga nan suna jin mu, Majo. In na taka, sun san rai na ɗauko. Za su sa itacen nan, su fitar da shi su sassare shi a gabanka."

"To ka yi gudu har kusa da garin, sannan ka rage!"

"Ka taɓa jin na fara da gudu na ƙare da lamba biyu ba a tsaya an rufe wa mamaci ido an yi addu'a ba? Gambo ba yaro ba ne."

"Ƙarya za ka yi musu ke nan?"

Ya ce, "Ni ba zan ce komai ba. Gwaggo ce za ta yi magana."

Tafiyar minti goma ce tsakanin ƙauyukan in da gudu ne. Mun yi ta cikin minti arba'in, ina kallon agogona ina jin kamar in fasa shi. Jini yana tsiyaya ta tsakanin yatsuna, da ɗumi, yana jiƙa gwiwoyin wandona. Na zagi Kolo a zuciyata, na zagi rijiyar, na zagi wanda ya ƙera motar. Kande tana salati, kuma ba na wasa take yi ba.

Da muka doshi garin na leƙa ta tsagar ƙofar baya. Kututturen yana tsakiyar hanya, mutum sun fi hamsin. Sai na ga gorori suna sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho ya ce, "Allah ya riga mu. Ku ɗauke itacen." Suka janye shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wasu dattawa suka shiga bayan motar suna bi da ƙafa suna "Allah ya jiƙan musulmi," suna raka wanda ya fasa kan ɗansu da safe. Kunya ta kama ni har na kasa kallonsu.

Gambo kaɗai bai sauke gorarsa ba, mai ƙarfe ce a kai. Ya ɗare matakin motar ta gefen dama, inda babu ƙofa sai labulen tamfol, ya leƙo.

"Baba Kolo, ya mutu?"

"Kai ba ka da kunne ne?"

Na ga kafaɗar Gambo ta saki, har ya sauke ƙafa ɗaya. Daidai nan muka faɗa yashin kwarin. Motar ta girgiza, Ɗan Azumi ya motsa ƙarƙashin ƙyallen ya datse hannun uwarsa da haƙora. Na ji ƙarar nama. Kande ta runtse ido, ta ƙara ɗaga muryar salati, ba ta zare hannun ba. Ita ta yi nata. Ni ne hannuna ya goce daga jijiyar na ɗan lokaci, jinin ya yi tsartuwa, ya bi tsagar katakon ƙasa ya fara ɗiga a kan farin yashi, ja wur, a gaban dattawan da ke biye.

Wani ya kwarma ihu, "Jini! Gawa ba ta jini haka! Da ransa!"

Dutsen farko ya tarwatsa gilashin gefe, ɓaraguzai suka watso mana. Gatari ya sauka a ƙofar baya, sau ɗaya, sau biyu, na ga bakinsa ya leƙo ciki. Wani ya zuro mashi ta tagar da ta fashe, ya wuce ta saman kunnena ya cake a bango, da ya ja shi baya sai ya tsaga mini goshi. Jinina ya rufe mini ido ɗaya. Kande ta kwanta a kan ɗanta, duwatsu suna sauka a bayanta tim, tim, ba ta ko juya ba. Motar kuwa tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, don cikin yashin nan ba ta da wani gudun da ya wuce wannan. Mutane suka rataye a jikinta suna jijjiga ta.

Gambo bai ɓata ƙarfinsa a kan ƙarfe ba. Ya zauna a gaban motar nan bara, ya ga yadda Kolo ke danne sandar cikin yashi, ya san in hannun ya tashi motar ta mutu. Ta 'yar tagar nan na gani da idona mai gani. Ya ɗaga gorar ya sauke kan ƙarfen a bayan hannun Kolo.

Kolo ya yi wani irin gurnani, bai saki ba.

Gambo ya ce, "Saki, Baba Kolo! Ba da kai nake ba! Saki!"

Ya sake saukewa. Wannan karon na ji ƙashi, kamar an taka busasshen kara. Na uku ya buɗe fatar, na ga fari a ciki. Kolo ba shi da hannun karewa, na hagu yana kan sitiyari, in ya saki shi mu faɗa ramin gefe. Da yatsun suka daina jin maganarsa sai ya ture su ya ɗora wuyan hannun a kan sandar, ya jingina da nauyin kafaɗarsa duka. Gambo yana duka yana kuka, majina da hawaye, yana kiran sunan Sallau. Sau biyar na ƙirga, daga nan na daina ƙirga.

Sai tayoyin gaba suka kama ƙasa mai tauri. Na ji Kolo ya taka ambarayaj, ya ja sandar da wannan abin da ya rage na hannu, ya ba ta wuta, ya sake takawa, ya cusa lamba uku. Gwaggo ta kurma ihun da ban taɓa jin irinsa ba, ta yi zillo. Waɗanda suka rataye suka zube, Gambo ya yi sama ya faɗo a kan kafaɗa, na hango shi yana birgima cikin ƙaya. Duwatsu suka bi mu kaɗan suka gaji.

Daga nan Kolo ya dake ta kamar yadda ya saba, har ya fi. Lamba huɗu. Sandar ta yi santsi da jini, da damtse yake turawa. Muka keta Gouna mutane suna tsalle gefe suna ɗaga hannu, sun ji ihu, sun san rai ne. Na mayar da dunƙulena kan jijiyar ina ce wa Ɗan Azumi, "Riƙe, ɗan banza, riƙe! An ɓata hannu saboda kai, kada ka kuskura!" Ya buɗe ido sau ɗaya ya nemi ruwa. Bugun da ke ƙarƙashin hannuna yana ta yin nisa.

Mun hango duwatsun Damagaram, har ganuwar Birni ta fito, sai bugun ya tsaya. Na jira, na matsa, na sa kunne a ƙirjinsa. Babu.

Al'adarmu in haka ta faru, in buga bangon da ke tsakaninmu sau biyu. Ban buga ba. Na ci gaba da danne cinyar gawa kamar ina aiki, don yanzu mai babban rauni ɗaya ya rage a motar, shi ne a gaba, kuma minti biyar ya rage mu kai shi wurin lokotoro. Amma uwa ba a ɓoye mata. Kande ta zare hannunta da ya tattaune, ta shafe idanun ɗanta, ta ja farin ƙyallen ta rufe fuskar, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba irin muryar ɗazu ba ce, kuma Kolo ya ji bambancin.

Na ji ƙafarsa ta bar wuta.

Na ce, "Ya Kolo, kada ka yi! Hannunka! Don Allah ka taka!"

Ya taka ambarayaj, ya fitar, ya saki, ya ba ta wuta kaɗan, ya sake takawa. Daga huɗu zuwa uku. Ya maimaita, daga uku zuwa biyu. Da wannan ragargajajjen hannu, ƙarfe bai ce ko ƙis ba. Tafiyar minti biyar ta zama ta rabin awa, jininsa yana ɗiga a kan takalminsa. Mutanen da ke zaune a bakin hanya suka miƙe, masu ɗinki suka ajiye allura, wasu suka shiga bayanmu suna bi. Ni kuwa ina ciki ina kuka don haushi.

Lokotoro ya yanke yatsu uku. Ya ce da an zo da wuri da wataƙila ya ceci ɗaya, wataƙila kuma a'a. Kolo bai sake tuƙi ba, aka ba shi gadin ƙofar garejin asibiti. Gwaggo ta ƙi kowa bayansa, ta ƙare a bayan gareji kaji suna ƙwai a cikinta. Gambo ya yi zaman kurkuku ya fito, Kolo bai taɓa yarda a zage shi a gabansa ba.

Shekarar da aka sami 'yancin kai aka kawo sabuwar mota mai laushin bites, aka ba wani saurayi da ke kai gawa da gudun da yake kai mai naƙuda. Ranar bikin 'yancin muna zaune a ƙofar gareji, ana ta kiɗa a gari, na yi masa tambayar da na riƙe shekara uku.

"Ya Kolo, na farkon na gane, ko da yake har yau ina lissafa minti arba'in ɗin nan. Amma na ƙarshen fa? Mutumin ya riga ya tafi, hannunka kuwa da sauran rai."

Ya juya shayi, ya ce, "Majo, ranar na sa dattawa sun bi mai rai suna yi masa addu'ar matattu. Da ya mutu da gaske kuma, sai in shigo da shi Birni a guje, kowa na zaune, ba mai tashi? Uwarsa fa tana ciki."

Ya zuba shayin, ya miƙo mini da hannun hagu, ya ce in yi haƙuri.